Yadda Ake Sabar Da 'Yar Mesa Da Hannun Mutum

Akwai wata ƙaramar mesa da ke zaune cikin ramukan ɓeraye a gonakin Gana da Togo da Benin da sassan Nijeriya. Ba ta da dafi, tsawonta kuwa bai cika wuce ƙafa biyar ba. In ta ji tsoro sai ta dunƙule kamar ƙwallo, ta ɓoye kai a tsakiya. Turawa na kiwonta a gida don sha'awa, 'yan kasuwa kuma kan kai dubbai Amurka da Turai kowace shekara, amma sai da takardar izni, bisa yarjejeniyar CITES wadda ta fara aiki a 1975.

To, wahalar tana wajen 'yar ƙarama. Mai saye yakan ƙosa ya riƙe ta, ita kuwa duk abin da ya zo mata daga sama shirwa ce a wurinta. In aka dame ta sai ta ƙi cin abinci, ta rame, wani lokaci ma ta mutu, kuɗi ya tafi a banza.

Masu kiwo sun ce a fara da ƙyale ta. A sa ta cikin akwati mai ɗumi, da ruwa, da wani ɗan kasko kife inda za ta ɓuya, kada a taɓa ta har mako guda ko biyu. Sai ta ci ɓera sau biyu ko uku lafiya tukuna a soma ɗaukarta. A sa hannu a hankali daga gefe, a tallabo tsakiyar jikinta daga ƙasa, ban da kama kai ko wutsiya. Minti biyar ya isa, sau biyu ko uku a mako. In ta dunƙule kada a ɓamɓare ta da ƙarfi. A bar ta a tafin hannu, a yi shiru. In ta ji ba motsi, da kanta za ta miƙe tana fid da harshe. Wannan alama ce tsoro ya ragu.

Bayan ta ci, a ba ta kwana biyu, don in an juya ta takan amayar da abincin. Haka kuma in idonta ya yi hazo, watau za ta yi saɓa, ba ta gani sosai, sai a rabu da ita. Wanda ya taɓa ɓera ya wanke hannu kafin ya kusance ta, kada ta zaci abinci ne, ya kuma wanke bayan ya ajiye ta.

Amma fa manomi kada ya ji wannan ya kai hannu ga kowane maciji mai zane da ya tarar a kunya. Kasa da kububuwa su ma sukan naɗe wuri ɗaya, ba su kuwa sabo da kowa. Mesar nan in an gan ta a gona gara a bar ta, ɓerayen da ke cin hatsi take rage wa mai gona.