Landan: Mashayar da aka rushe ba izini, aka tilasta a sake gina ta

A watan Afrilun 2015 mazauna unguwar Maida Vale da ke Landan suka ga motocin rusau sun kwantar da mashayar Carlton Tavern. Kamfanin da ya sayi ginin ya nemi izinin gina gidajen kwana a wurin, aka hana shi, sai ya yi gaban kansa.

Ginin ya tsallake ruwan bama-baman Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, don haka jama'a suka ce ba za ta saɓu ba. Ƙaramar hukumar Westminster ta umarci kamfanin ya mayar da shi yadda yake, bulo bayan bulo. A Afrilun 2021 aka sake buɗe ƙofarsa.

Mai karatu zai iya tambaya: duk wannan a kan gidan giya? A wurin Bature, mashaya ita ce majalisar unguwa. Nan ake cin abinci, a kalli ƙwallo, a yi zaman makoki, tsofaffi kuma su samu abokan hira.

Wasu ma tarihi ne a tsaye. Ye Olde Cheshire Cheese da ke titin Fleet an sake gina ta a 1667, bayan babbar gobarar da ta cinye birnin a 1666, kuma marubuci Charles Dickens ya sha zama a ciki. George Inn da ke Southwark masaukin matafiya ne a zamanin keken doki, yanzu tana hannun National Trust, ƙungiyar adana kayan tarihi.

Na zamani kuwa sun sauya salo. The Eagle da aka buɗe a Farringdon a 1991 ta yi suna wajen fifita girki mai kyau, wasu da dama suka bi sahunta. Old Bank of England kuma tsohon reshen babban bankin Ingila ne da aka mayar mashaya. Da yawa yanzu suna sayar da kofi da abin sha marar barasa, saboda matasan da ba sa shan giya.

Duk da haka tsadar haya, haraji da kuɗin wuta na ci gaba da rufe wasu, masu gine-gine kuma na zawarcin filayensu. Carlton Tavern ta dawo ne saboda maƙwabtanta sun tsaya kai da fata. Wadda ba ta da masu tsaya mata, sai dai a ga gidajen haya a gurbinta.