Ciwon Hawa da Sauka: Kada Mu Ce Halinsa Ne Kawai

A New Bell da sauran unguwannin Hausawa na Duwala, kusan kowannenmu ya san irin wannan mutum. Mako guda ba ya barci, sai surutu da rabon kuɗin jari ga duk wanda ya gani. Bayan 'yan makonni kuma sai ya shige ɗaki, ba ci, ba magana, ko kasuwa ba ya fita. Wasu su ce aljanu ne, wasu su ce sammu.

Likitoci suna kiran wannan larura baifola, wato ciwon hawa da sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 40 ne ke fama da ita. Abin tsoro shi ne, aƙalla ɗaya cikin uku daga cikinsu yakan yi yunƙurin kashe kansa a rayuwarsa. Haɗarin ya fi tsanani a lokacin saukar, da makonnin farko bayan sallama daga asibiti, da kuma idan ana shan giya ko tiramol.

Akwai wata larurar da kan haɗu da wannan, wadda ake kira tawayar hali, musamman nau'in bodalayin. Kusan ɗaya cikin biyar na masu baifola suna da ita. A baifola, sauyin yakan ɗauki kwanaki ko makonni. A bodalayin kuwa cikin sa'o'i ne: an ƙi amsa gaisuwarsa da safe, da rana ya ga duniya ta ƙare. Ga tsoron a guje shi, ga aikata abu cikin fushi ba tunani. In biyun suka haɗu, haɗarin yana ƙaruwa ƙwarai, mu kuwa a nan ne muka fi cewa "mugun hali ne", mu juya baya.

Magani akwai. Tun 1949 likita John Cade na Ostireliya ya gano amfanin litiyom, wanda ke daidaita ciwon tare da rage haɗarin kashe kai, amma sai ana gwajin jini. Tawayar hali kuwa ta fi jin zaman tattaunawa da ƙwararre. Asibitin Laquintinie a nan Duwala yana da sashen masu larurar ƙwaƙwalwa, haka ma asibitin Jamot a Yawunde.

To, mene ne namu? In ɗan'uwa ya fara cewa "gara in huta" ko yana neman gafarar kowa ba dalili, mu tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kulle magunguna da duk wata guba, a kai shi asibiti a ranar. Addu'a ba ta hana zuwa wurin likita. Kada kunyar bakin unguwa ta sa mu rasa ɗanmu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.