Labulen Mai Hoto da Leyar Kwamfuta

Kafin waya ta shiga hannun kowa, mutumin Ngaski da ke son hotonsa ya fito a gaban gidan bene ko cikin lambun furanni sai ya nemi shagon mai hoto, ya tsaya gaban labulen da aka yi wa wannan zane, a ɗauka. Sana'a ce mai tarihi a Afirka ta Yamma. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yana rataya zannuwa masu ado a bayan mutane, har yana ara musu agogo da rediyo da babur. A Ghana kuma Philip Kwame Apagya ya yi suna da labule masu zanen jirgin sama da firiji maƙare da abinci.

Yau saurayi a Wara ko Yelwa yana yin wannan aiki a tafin hannunsa da PixelLab ko PicsArt, mai kwamfuta kuma da Photoshop. Sirrin abin shi ne leya. Photoshop ya fito a 1990, amma sai a 1994 aka sa masa leya. Tamkar gilasai ne aka jera wani bisa wani, kowanne da zanensa: na ƙasa hoton tafkin Kainji, na tsakiya ango da amarya da aka yanko daga wani hoto, na sama sunayensu da ranar ɗaurin aure. Kowace leya ana iya matsar da ita, a rage mata kala, a ɓoye ta, ba tare da an taɓa sauran ba.

A wajen gyara, labule ba ya ko kama ƙafar leya. In aka ɗage ranar biki, ko ɗan takara ya sauya sheƙa (ba baƙon abu ba ne a wajenmu), leya ɗaya za a taɓa, aiki ya ƙare. Sai dai da sharaɗi: a adana aikin a fayil mai riƙe leyoyi, irin PSD. Da zarar an mayar da shi JPEG an tura ta WhatsApp, duk sun manne wuri guda, gyara ya zama sabon aiki. Nan ne masu koyo da yawa suke tafka asara.

Amma labule yana da abin da leya take wahalar samu, wato haske guda. Fitilar da ta haska fuskar mutum ita ta haska abin da ke bayansa, inuwarsa kuma tana kwance a gindin ƙafarsa. Ɗauki wanda aka yi wa hoto a cikin ɗaki, ka ɗora shi a bakin ruwa da rana tsaka, a tsakiyar jiragen Sarkawa masunta: fuska dishi-dishi, ruwa na walƙiya, gefen hula da ragowar farin bango, ƙafafu kuma suna reto ba inuwa. Gwani yakan ƙara leyar inuwa ya daidaita kala. Mai gaggawa ba ruwansa, shi ya sa fastoci da yawa suke da ban dariya.

Abin da ya fi damuna shi ne amana. Ba wanda labule ya taɓa ruɗa. Kowa ya san jirgin saman nan fenti ne, kwalliya ce kawai. Leya kuwa, in ta faɗa hannun gwani maras tsoron Allah, tana iya tsayar da ɗan takara kusa da Sarkin Yauri alhali ba su taɓa gaisawa ba, ko ta cika filin bikin Rigata da taron da aka kwaso daga wani gari.

A katin biki da kalanda da tallar shago, leya ta yi wa labule fintinkau, ba kuma mai komawa baya. A hoton da za a kafa hujja da shi kuwa, wanda aka ɗauka kai tsaye ya fi. Mai karatu, in an turo maka hoton da ya ba ka mamaki, duba inuwa da gefen hula kafin ka tura gaba.