Tsoho ɗaya, cututtuka uku: wa ke haɗa bayanansa?

Dattijuwar da ke zaune a lungun Yakasai ko Zage, mai fama da hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa, sau da yawa mutum uku ko huɗu ne ke ba ta magani. Likita a Asibitin Murtala ya rubuta na hawan jini, wani a Asibitin Malam Aminu Kano ya duba sugan, jikanta kuma ya sayo diclofenac a kemis saboda gwiwar. Kowa da kyakkyawar niyya, amma babu wanda ya san abin da ɗayan ya bayar.

A nan haɗarin yake. Diclofenac da ibuprofen suna iya tayar da hawan jini, su lahanta ƙoda, su jawo gyambon ciki. Glibenclamide kuma yakan saukar da suga fiye da kima idan an sha ba a ci abinci ba, abin da ba baƙo ba ne a gidan da abincin yau sai an fita an nemo. Sai a ga Hajiya ta rikice ko ta faɗi, a ce tsufa ne.

Shi ya sa ake son likita da nas da mai harhaɗa magunguna da ma'aikacin sashen gashi da jami'in walwala su yi aiki da tsari guda. A Ibadan, asibitin koyarwa ya buɗe cibiyar tsofaffi ta musamman tun 2012.

Ɗaliban Jami'ar Bayero da ɗaliban aikin jinya da kuke gani a ɗakin duba marasa lafiya suna da amfani a nan. Sun fi likita samun lokacin zama su tambayi wa ke dafa wa Baba abinci, ko yana iya karanta rubutun kwalin magani, ko akwai kuɗin adaidaita sahu na dawowa. Suna aiki ne a ƙarƙashin malamansu, kuma kuna da ikon cewa ba ku so ɗalibi ya duba ku. Amma shawararmu ku ba su dama, domin amsoshin nan sukan sa a canza magani.

Ku iyali, ku ware mutum ɗaya da zai riƙa raka tsohon asibiti. Ku tanadi littafi guda na rubuta awon jini da na suga, ku zuba duk magungunansa a leda, har da na gargajiya, ku zo da su kowane zuwa. Idan kuɗin magani ya gagara, ku faɗa wa likita kafin a daina sha, sannan ku tambayi asibitin unguwarku yadda ake rajistar masu ƙaramin ƙarfi a hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano, KSCHMA.