Intel ko AMD: Wanne Za Ka Ɗauka?

Mai haɗa kwamfutar gida a unguwar Kinkinau yakan rasa furosesar da zai ɗauka tsakanin Ryzen 5 5600 na AMD da Core i5-12400F na Intel. Farashinsu ba nisa, kowanne ƙwayoyin aiki 6 gare shi, kuma wat 65 aka rubuta musu, abin da zai yi wa mai sola daɗi.

Sai dai duk biyun ba sa fitar da hoto sai da katin hoto, shi kuwa kuɗi ne na daban. Idan aljihu bai kai ba, nemi 5600G ko 12400 marar harafin F.

Tambayi kuɗin allon da furosesar za ta zauna a kai: na AMD sai AM4, na Intel sai LGA1700. Kada ka biya sai an kunna a gabanka.