Darasin Tsuntsaye A Bayan Masana'antun Kano

Cikin darussan da za mu koyar a makarantar elementare babu wanda ya fi na tsuntsaye saurin lalacewa a hannun malami. Sai ya zana tsuntsu a allo, ya ce yara su haddace kamanninsa, alhali kuwa ga tsuntsun can bisa katanga yana kallonsu. Mu a ganinmu, malamin da makarantarsa ta ke kusa da Bompai ko Sharaɗa ko Calawa ba shi da hujjar zama cikin aji. Gama waɗannan unguwannin masana'antu, duk da hayaƙinsu da ƙararsu, sun tara hatsi da juji da ruwa wuri guda, kowanne kuwa da irin tsuntsun da ya ke jawowa.

Da fari sai a tambayi yara, mene ne tsuntsu? Lalle za su ce abin da ya ke tashi. To, sai a kawo musu jemage, wanda ya ke tashi, amma haihuwa ya ke yi, ya shayar da ɗansa nono. Sa'an nan a kawo jimina, wadda ba ta tashi ko kaɗan, amma tsuntsuwa ce. Abin da ya raba tsuntsu da sauran halitta shi ne irin gashin jikinsa. Bayan wannan dukansu ƙwai su ke yi, ba su kuwa da haƙori. Duk yaron da ya taɓa ganin an fiɗe kaza ya ga ƙundu cike da tsakuwa, watau dutsen niƙanta ke nan. In aka fasa ƙashin fiffikenta kuma, sai a tarar da rami a ciki, don kada nauyi ya yi yawa.

Masana sun ƙidaya irin tsuntsaye wajen 11,000 a duniya, fiye da 900 kuwa a Nijeriya. Ba mai iya haddace wannan. Amma akwai dabara: a dubi baki, a dubi ƙafa. Baki shi ke faɗin abincin tsuntsu, ƙafa kuwa ita ke faɗin inda ya ke nemansa.

A ƙofar masana'antar da a ke sauke buhunan hatsi za a ga tantabara da kurciya suna tsintar abin da ya zube, bakinsu gajere, daidai ɗaukar ƙwaya. Waɗannan su ne masu cin hatsi. A bisa juji ga shirwa tana shawagi, bakinta lanƙwasasshe kamar ƙugiya, faratanta masu kaifi don fizga. Ita da shaho da mujiya masu cin nama ne. Hankaka kuwa bakinsa kamar wuƙar mahauci ce da ba ta zaɓen nama, kome ya samu ci ya ke yi, shi ya sa zaman birni bai taɓa ƙuntata masa ba.

A bakin Kogin Calawa darasin ya fi daɗi. Ga zalɓe tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, ƙafafu dogaye don kada jikinsa ya jiƙe, wuya dogo, baki kamar mashi don kifi da kwaɗi. Agwagwa tana da fata tsakanin yatsunta don iyo, tana kuma da mai a gindin wutsiya wanda ta ke shafawa a gashinta. Balbela 'yar'uwar zalɓe ce, amma ta fi son bin shanu tana kama farin da su ke tayarwa. Shamuwa kuma baƙuwa ce, ta kan iso gab da damina, in rani ya yi ta koma kudu har ta ƙetare tsakiyar duniya.

Amma fa kada mu ɓoye wa yara abin da idonsu zai gani. Ruwan dauɗar masana'antun jima na Sharaɗa da Calawa, mai ɗauke da gubar da a ke kira kuromiyam, Kogin Calawa ya ke gangarawa, na Bompai kuwa ya bi Getsi ya faɗa Jakara. Inda ruwa ya ɓaci kifi da kwaɗi su kan ragu. Zalɓe kuwa ba shi da ikon sake baki ya koma cin gero. Siffar da ta ba shi gwaninta a ruwa ita ce ta ɗaure shi a can.

Ungulu ta fi ba da tausayi. Iyayenmu sun san ta a kowace mahauta, kanta sanƙo don kada ƙazantar mushe ta manne mata, tana share wa gari abin da zai jawo cuta ba ladan kowa. Yanzu sai yaro ya gama elementare bai taɓa ganinta ba. Ana kashe ta don sayar da sassan jikinta ga masu magani, wata kuma ta ci mushe mai guba, ga shi ƙwai ɗaya tak ta ke yi a sheƙa. A 2015 aka sa irin tamu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa.

Saboda haka in za a fita, kowane yaro ya riƙe littafi da fensir, a bar danƙon harbi a gida, kada kuma a yarda kowa ya taɓa ruwan kwata. Su rubuta sunan tsuntsu, da bakinsa, da ƙafarsa, da nawa suka gani. A fita sau ɗaya da rani, sau ɗaya da damina, sa'an nan malami ya adana littattafan, don 'yan ajin baɗi su gwada ƙidayarsu da ta bana.