Kafin Taya Ta Tsayar Da Kai A Hanyar Sheme

Wanda ya taso daga Funtuwa za shi Gusau, sai ya bi ta Mairuwa, ya iso Sheme, ya wuce Yankara, sa'an nan ya shiga ƙasar Zamfara ta wajen Tsafe. A Sheme ne kuma wata hanya ta ɓalle ta nufi Ƙanƙara. Ranar kasuwa motoci ba su yankewa: kanta da a-kori-kura da Golf, wannan ta ɗauko buhunan masara, waccan ta ɗauko dabbobi, kowace an yi mata lodi fiye da ƙarfinta. Duk nauyin nan yana zaune bisa wasu 'yan ƙarafa da ke cikin cibiyar wili, waɗanda mutum zai iya riƙewa a tafin hannu ɗaya. Su ne makanikai suke kira boris.

A wata ƙasa, in taya ta yi gardama a hanya, sai a yi tsaki, a zauna a gindin itace a jira taimako. A nan wajenmu zancen ya wuce haka. Ba mu manta da watan Disamba na 2020 ba, sa'ad da 'yan bindiga suka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara. A ƙarshen Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, a watan Satumba kuma aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Duk wanda ya ga kwanakin nan ya san abin da ake nufi da mota ta tsaya da iyali a daji bayan la'asar. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi magana a kan wili: yadda za a cire shi in ya ƙi fita, da yadda za a gane boris ya gaji tun motar tana ƙofar gida, da rana tsaka, ga inuwa ga ruwan sha.

Wili ya ƙi fita

An kwance notoci duka, an ɗaga mota, amma taya tana nan daram kamar an yi mata walda. Dalili kuwa tsatsa ce. A tsakiyar wili akwai rami wanda yake zama daidai bisa wuyan hob, watau ƙarfen da wilin yake ɗaure a kai. Laka da ruwan damina su shiga tsakaninsu, rani ya zo ya busar, wata damina ta ƙara, har su manne. Wilin alminiyam ya fi na ƙarfe wannan hali, gama in alminiyam da ƙarfe suka daɗe a haɗe cikin laima, sai su ci juna.

Amma kafin a kai ga duka da shuri, sai a gyara wurin aiki tukuna. A ajiye mota a fili mai tauri, marar gangara. A ja birkin hannu, a sa giya, a sa weji gaba da baya a tayar da ba za a taɓa ba. A sassauta notoci kaɗan tun taya tana ƙasa, sa'an nan a sa jak. Ga wata magana da muke roƙo kada a raina: jak na ɗagawa ne kawai, ba a dogara gare shi ya riƙe mota. Da zarar ta tashi, a tura gungumen itace mai ƙwari ƙarƙashin ƙarfen gindinta, a kuma kwantar da tayar safaya a ciki. Bulon siminti ba ya wannan aiki. Ba ya yin ƙara ya yi maka gargaɗi, sai dai ya farfashe gaba ɗaya. Yara kuwa, da yake ba abin da suke so kamar leƙen ƙarƙashin mota, uwargida ta kira su ciki.

In noti ne ya ƙi juyawa, a ɗiga masa man kwance tsatsa, in babu, kananzir da ɗan baƙin mai, a ba shi lokaci ya jiƙa. A zura faifa a hannun sifana don a ƙara tsawo, a danna a hankali, kada a yi tsalle a kai. Masu kanta su lura: a motocin kaya da yawa irin na Japan, notocin gefen hagu baibai suke kwancewa. Sau da yawa akan ga harafin L a bisa kan kusar. Mutum ya yi ta nishi yana tsammani kwancewa yake yi, ashe ƙara ɗaurewa yake, har kusa ta karye.

To, notoci sun kwance, wili ya ƙi. Mayar da noti biyu, ka ɗan juya su kaɗan, domin in wilin ya saki kada ya faɗo maka a ƙafa. (Golf da 'yan'uwanta na Jamus kusa ake ɗaurawa a maimakon noti, amma dabarar ɗaya ce.) Ɗiga mai kewaye da wuyan hob. Juya wa motar baya, ka shuri gefen taya da diddige, ka juya ta rabi, ka sake shuri. In ba ta saki ba, ɗora guntun katako a bakin wili ta ciki, ka buga da guduma, kana juyawa kana bugawa, hannu kaɗai ke shiga, kai da kafaɗa suna waje. Kada guduma ta taɓa wili kai tsaye.

In duk wannan bai yi ba, sai a bar nauyin motar ya yi aikin. A mayar da notoci duka, a ɗaure da hannu har su taɓa wili, a kwance kowane juyi ɗaya. A sauke mota ƙasa. Mutum biyu su girgiza ta gefe da gefe, ko a tura ta taku kaɗan gaba, a taka birki, a komo da ita baya. Yawanci za a ji "ƙas", shi ke nan ta saki. A tsakar gida ake yin wannan, ba a hawa titi da sakakkun notoci ko da zuwa bakin kasuwa ne.

Wuta fa, a'a. Mun san akwai masu hura wuta ko su kawo mai walda ya gasa wili alhali taya tana jiki. Zafi yana kumbura iskar da ke ciki, robar kuma tana iya ci gaba da cin wuta a ɓoye har ta fashe bayan an ɗauke wutar. Irin fashewar nan tana kisa.

Da wili ya fita, a kankare tsatsar wuyan hob da ta ramin wili da burushin waya, a shafa giris ɗan kaɗan a wuyan kawai. Zaren kusa a bar shi a bushe.

Kukan boris

Boris ba ya mutuwa farat ɗaya, yakan daɗe yana kuka. Da fari za a ji gunji ƙasa-ƙasa kamar jirgin sama a nesa, yana ƙaruwa in mota ta ƙara gudu, ko an sake giya ba ya canzawa. In an karkata sitiyari dama kukan ya ƙaru, yawanci na hagu ne, gama a lokacin nauyi ya koma hagu. Sau da yawa wanda yake zaune a baya shi yake fara ji. In uwargida ta ce, "Maigida, akwai wata ƙara a ƙarƙashina," kada a ƙara wa rediyo murya.

A gida ga yadda za a tabbatar. A ɗaga mota, a kama taya sama da ƙasa, a girgiza. In tana ƙwas-ƙwas, akwai wasa. A juya ta da hannu a kasa kunne: lafiyayyen boris shiru yake, wanda ya ci kuwa kamar ana niƙa tsakuwa. Bayan tafiya kuma a kai bayan hannu kusa da cibiyar kowane wili. Wanda ya fi sauran zafi ƙwarai, ko birki ne yake kamawa ko boris ne. In aka ƙyale shi, giris ya ƙone, ƙarfe ya ci ƙarfe, ƙarshenta ko wili ya cije ana cikin gudu, ko sandar ta karye taya ta yi gabanta.

Abin da ke kashe shi a ƙasarmu sananne ne: lodi, da ramukan hanya, da ruwa. Mota ta yi tafiya hob ya yi zafi, sai a tsunduma cikin rafi da damina. Sanyin nan yakan sa hob ya zuƙi ruwa da yashi ta bakin robar da ke tsare giris.

Wanda ake yi a gida

Boris ɗin wili iri biyu ne, sanin bambancinsu kuwa shi ne rabin aikin. Na fari shi ne mai kwancewa, wanda 'ya'yansa suke kamar gajerun turame masu tsukakken kai. Wani maƙerin keken doki a Amurka, Henry Timken, shi ya yi rajistar wannan ƙira a 1898, har yau kuwa tana aiki. Irinsa ne a ƙafar baya ta tsohuwar Golf 2 da Golf 3, da ƙafar gaba ta tsofaffin a-kori-kura da yawa. Guda biyu ne a kowane wili, na ciki babba, na waje ƙarami. Wannan mutum mai haƙuri zai iya canza shi da guduma da filaya da sukundireba.

Bari mu ɗauki ƙafar baya ta Golf. A sa weji a gaba, a saki birkin hannu, in ba haka ba gangar birki ba za ta fito ba. A ɓamɓare 'yar hular ƙarfe da ke tsakiya, a miƙe fin ɗin da ya kulle noti a zare shi, a cire noti da wasa da ƙaramin boris, a jawo ganga. A shimfiɗa tsumma mai tsabta a jera kome bi da bi yadda ya fito. Ƙurar birki kada a hure ta da baki, a share da jiƙaƙƙen tsumma, gama tana yi wa huhu lahani. A juya ganga a ɓamɓare robar baya, babban boris zai fito.

Sauran zobba biyu da suke manne cikin ganga, waɗanda boris yake gudu a kansu. Nan ne masu gaggawa suke ha'inci: su sa sabon boris a tsohon zobe. Ba zai daɗe ba. A fitar da tsohon zobe ta baya da ɗan sandan ƙarfe, ana bugun wannan gefe, ana bugun wancan. A wanke gurbin da kananzir, a bushe. A ɗora sabon zobe daidai, a kifa tsohon a kansa, a riƙa buga tsohon a hankali kewaye, har amon guduma ya canza. Wannan amo shi ne shaidar ya zauna.

Giris kuma na boris za a saya, mai jure zafi, a gwangwani rufaffe. Wanda ake auna wa a leda a bakin hanya, iska ta riga ta zuba masa yashi. A sa ɗan curi a tafin hannu, a riƙa danna bakin boris a kai har giris ya ɓullo ta sama tsakanin 'ya'yan, a kewaye duka. Shafawa a baya kawai ba ta isa ba. A sa sabuwar roba, a kiyaye kada ko ɗigo ya taɓa takalmin birki.

Wajen ɗaure noti ne aka fi yin ɓarna, domin hannunmu ya saba da cewa abin da aka ɗaure tam shi ne mai kyau. Wannan boris ba ya so. A ɗaure ana juya ganga har kome ya zauna, sa'an nan a sassauta, a sake matsawa da sauƙi. Ma'auninsa a Golf ke nan: in ka sa bakin sukundireba ka tura wasan da ƙarfin yatsa, ya motsa da ƙyar. In ya ƙi motsi, ya yi tsauri, zai ƙone. In yana rawa, ya yi sako-sako. A sa sabon fin, a lanƙwasa ƙafafunsa. Ƙusar kafinta ba fin ba ce.

Wanda ba a yi a gida

Iri na biyu rufaffe ne, da giris ɗinsa a ciki tun daga masana'anta, an kuwa cusa shi cikin gidansa da injin matsi mai ƙarfin tan da yawa. Shi ne a ƙafar gaba ta Golf da Corolla da yawancin ƙananan motoci. Ra'ayinmu a nan a fili yake: wannan ba aikin tsakar gida ba ne. Wanda ya cusa shi da guduma, 'ya'yan ƙarfen za su yi wa hanyarsu tabo tun kafin mota ta motsa, kwana kaɗan kuka ya dawo, kuɗi sun tafi. Babban notin tsakiya kuma yana da nasa ma'auni, a Golf 3 ya fi ninki biyu na kusar wili. A kai motar Funtuwa da safe wurin makanikin da yake da injin, a tambaya a ga injin da ido kafin a yi ciniki.

Wajen saye, a tafi da tsohon a hannu. Lambarsa tana rubuce a gefen zobe, lambar nan kuwa sau da yawa ɗaya ce ko wane kamfani ya yi shi. Masu babur za su ga irin su 6201 ko 6301 ko 6302: mai ƙarewa da 01 raminsa milimita 12 ne, mai 02 milimita 15. In an ƙara 2RS, watau yana da murfin roba gefe biyu, shi ya fi dacewa da ƙurarmu. Sunaye irin su SKF da NSK da Koyo na kirki ne, don haka ne ma masu jabu suke buga su a kwali. In farashi ya faɗi ƙasa ƙwarai, a yi shakka.

Sa'ad da za a mayar da wili, a fara kowane noti da yatsa, a ɗaure su a gicciye, wannan sa'an nan na daura da shi, a ƙarasa bayan mota ta sauka ƙasa. Ƙarfin hannu da sifanar motar ya isa, domin wanda zai kwance su wata rana a hanya wataƙila ba shi da faifa. A taka birki sau uku ko huɗu kafin a motsa. Bayan tafiyar kamar kilomita 50 a tsaya cikin gari, wurin mutane, a sake bin notoci da sifana, a kuma kai bayan hannu a ji zafin cibiya.